Zarto Mai Batir a Watandar Baba Gyang

Da ana ba mutum dama ya koma baya ya goge abu ɗaya daga cikin aikinsa, ni saƙon da na aika wa Ɗanjuma ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti zan goge. Jajibirin Kirsimetin nan bai fita daga raina ba har yau. Samarin da ke tasowa a cikinmu a mayankar Abattoir ta Jos sun sha tambayata ko zarto mai batir abin saye ne, musamman irin mai arahar nan da ya cika kasuwa. Amsar ba ta gajarta, shi ya sa na ce bari in ba da labarin gaba ɗaya.

Sunana Haruna, mahauci ne ni, a wannan sana'a na yi furfura. Ga wanda bai san aikinmu ba, saniya idan ta faɗi mutum biyu take nema. Akwai mai wuƙa, shi ke yanka, ya feɗe, ya fitar da kayan ciki, ya raba tsoka. Akwai kuma mai gatari, shi ke sara ƙashi a kan kututture. Mutane suna ɗauka sara ƙarfi ne kawai, amma wanda bai iya ba farfasa ƙashin zai yi, ya cika naman da ɓarɓashi. Ni mai wuƙa ne. Mai gatarina Ɗanjuma ne, mun haura shekara ashirin tare. Kirista ne, asalin iyayensa ƙauyukan bayan Bukuru, amma a unguwar Abattoir yake zaune da iyalinsa. Yana ce mini Sarkin Fawa don tsokana, alhali ba ni da sarautar ko akuya. Ni kuma ina ce masa Mai Tsawa, saboda nishin da yake saki duk lokacin da gatari ya sauka.

Kowace shekara muna da aikin watanda a Bukuru. Watanda ita ce mutane su haɗa kuɗi su sayi sa guda, a yanka, a raba naman kashi-kashi daidai wa daida, kowa ya ɗauki nasa. Wannan ta wasu gidaje ce 'yan coci ɗaya, shugabansu Baba Gyang, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya. Ni suke kira in yanka don maƙwabtansu Musulmi su iya cin abincin da za a aika musu ranar Kirsimeti. Ladan aikin kuma a nama ake biya. Ni nawa wuya ne da wani yanki na haƙarƙari. Ɗanjuma kuma ana ware masa kashi guda cikakke kamar na kowane ɗan watanda, kuma wannan kashin shi ne naman Kirsimetin gidansa.

Zarton na fara ganinsa ne a hannun wani kafinta da ke rufin gida a unguwar Ali Kazaure. Abu kamar ƙaramar bindiga, ƙarfen yanka a gaba yana kai da komowa, babu waya, babu janareta. Na tsaya ina kallo yana datse katako kamar rogo, sai na ce a raina ai ƙashi bai fi wannan ba. Washegari na shiga kasuwa wajen masu sayar da kayan aiki.

Mai shagon ya ciro mini iri biyu. Ɗaya mai nauyi, da ya faɗi kuɗinsa sai na mayar masa da shi da hannu biyu. Ɗayan mai sauƙi, da batir biyu da caja a cikin akwatin roba.

Ya ce, “Oga, katako za ka yanka ko ƙarfe?”

Na ce, “Saniya.”

Ya yi dariya har ya dafa kanta. Da ya ga da gaske nake, sai ya kawo mini ƙarfen yanka fari wanda ba ya tsatsa, ya ce, “Zai yi maka aiki, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma wannan ƙaramin ba ya son a danne shi. Idan ya yi zafi, ka ajiye shi ya huta. Abin da aka rubuta a jikin batirin kuma, ka raba shi biyu ka yarda da rabi.”

Na ji maganar farko, sauran kuma na bar masa su a shago.

Gaskiya zarton ya burge ni. A kan rago da akuya babu abin da ya gagare shi. Haƙarƙarin sa yana yanka shi sumul, babu ɓarɓashi ko ɗaya. Matan da ke sayen ƙashin miya suka fara layi a teburina, suna cewa yanzu ba sa tsoron haƙoran yaransu. Sai dai a tebur aikin ɗan kaɗan ne, ka yanka nan, ka ajiye, ka yi ciniki, ka sake ɗauka. Ban taɓa sa shi ya ci sa guda daga wuya zuwa wutsiya ba tare da hutawa ba. Ban lura da wannan bambancin ba.

Da Baba Gyang ya kira ni a waya kan watandar shekarar, sai na ji bakina yana cewa, “Baba, bana ba sai an ware kashin mai gatari ba. Na samo inji. Kowa kashinsa zai ƙaru.”

Ya ce, “To Ɗanjuma fa?”

Na ce, “Na san yadda zan yi da shi.”

Yadda na yi da shi kuwa shi ne abin kunyar. Tsakanin teburina da kututturensa ko murya ba sai ka ɗaga ba. Amma na kasa zuwa. Sai na tare wani mai tura nama a baro na ce, “Idan ka ga Ɗanjuma ka ce masa na ce bana ya huta, ba sai ya je Bukuru ba.” Kwanakin da suka biyo baya mun ci gaba da aiki tare. Bai ce mini komai ba, ban ce masa komai ba. Abu ɗaya na lura da shi, ya daina ce mini Sarkin Fawa, ya koma Malam Haruna.

Idan aka tambaye ni dalili, ba ƙiyayya ba ce, ba kuma kwaɗayin naman ba, tunda ba ni za a ƙara wa ba. So nake mutanen Bukuru su ga ni kaɗai na tashi da sa guda. Iyakar abin ke nan.

Ranar jajibiri sanyin Jos ya sauko irin wanda ke sa yatsu su ƙi lanƙwasuwa. Batiran biyu na sa su caji tun yamma, aka ɗauke wuta, sai na duba na ga fitilarsu ta nuna sun kusa cika, na ce ya isa. Na zuba su a buhu na ajiye a kan simintin zaure suka kwana a can. Da safe na ɗauki wuƙaƙena da akwatin zarto na hau motar Bukuru. Gatari kuwa da gangan na bar shi, don kada a ce ban yarda da injina ba.

Na tarar da tsakar gidan Baba Gyang cike. Maza cikin rigunan sanyi suna riƙe da igiya, mata sun jera robobi da kwanuka a gefen katanga, sa kuma baƙi ne ƙato mai tozo. Aka kayar da shi, na fuskantar da shi gabas, na yi bisimilla na yanka. Na feɗe, na fitar da kayan ciki, mata suka ja su gefe wanki. Duk wannan aikina ne, ban yi tuntuɓe ba.

Mama Rifkatu ce ta fara tambaya. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, ita ke sa ido a kan rabon kashi, kuma ba ta ajiye magana a ciki.

Ta ce, “Malam Haruna, ina abokinka mai nishi?”

Na buɗe akwati na ɗaga zarton sama, na ce, “Ga shi nan, Mama. Wannan ba ya nishi, ba ya cin shinkafa.”

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba, ta dai ce, “To, mu gani.”

Na fara da haƙarƙari. Zarton ya shiga yana kuka, ƙasusuwa suna faɗowa a jere, tsawonsu ɗaya kamar an auna. Mutane suka matso, wasu suka ciro waya suna ɗauka. Wani ya ce, “Kai, Malam ya zama injiniya!” Ni kuwa kaina ya kumbura. Na gama gefe ɗaya, na shiga ɗayan. Ban kai ƙarshensa ba sai na ji kukan zarton ya canja, ya yi ƙasa, ya ja, ya tsaya. A tebur batirin nan yakan kai ni azahar. A nan ko rabin sa'a bai yi ba. Daga baya na gane sanyin da ya kwana a ciki ya shanye masa ƙarfi, ga cajin da bai cika ba.

Na yi murmushi na ce ai akwai na biyu. Na sa shi, na gama haƙarƙari, na bi ƙashin baya har rabi. Da ina da hankali, da na tsaya nan na bar shi ya huce. Hannuna yana jin ɗuminsa ta cikin roba. Kitse ya cushe haƙoran ƙarfen, ya daskare saboda sanyi, zarton yana gogar ƙashi maimakon ya ci. Amma idanu suna kaina. Sai na jawo ƙashin cinya, wanda ya fi kowanne kauri a jikin sa, na ɗora zarto a tsakiyarsa na danna da dukkan nauyina. Ya shiga kamar faɗin yatsa, ya maƙale. Na ƙara dannawa. Wani wari ya tashi irin na wayar wuta idan ta ƙone, sai ya yi tsit.

Na matsa kunamar zarton, shiru. Na cire batir na mayar, shiru. A gidan babu wuta. Ko da akwai, cajar nan tana son sa'o'i, nama kuwa ba ya jira, ga mata suna son su fara suya kafin su tafi coci da yamma.

Abin da ya rage shi ne cinyoyi, da ƙafafu, da ƙirji, da rabin baya, da kai. Wato duk ƙashin kirki. Baba Gyang ya ce a kawo mini gatarin faskare na gidan. Na karɓa, na ɗora cinya a kan wani gungume na sara. Shekara ashirin ina kallon Ɗanjuma yana yin abin nan, ban taɓa sanin ban iya ba sai ranar. Gatarin ya goce. Na sake, ƙashin ya tarwatse, ɓargo ya fantsama a rigar wani dattijo, ɓarɓashi ya shige cikin tsoka.

Mama Rifkatu ta sunkuya ta tsinci wani siririn ƙashi mai tsini kamar allura, ta ɗaga shi kowa ya gani.

Ta ce, “Wannan kashin na wane ne? Don ni dai ba zan ba jikokina ƙusa su haɗiye ba. Na yi aikin asibiti, na san inda irin wannan yake tsayawa.”

Nan fa magana ta tashi. Watanda ba ta da wata doka da ta wuce a yi daidai. Yanzu ga nama iri biyu a kan tabarma, mai kyan yanka da farfasasshe, kowa kuma idonsa na kan mai kyan. Wata ta ce ita ta fara biya, wani ya ce a yi ƙuri'a, wani ya ce ƙuri'ar me a kan ɓarnar da ba su suka yi ba. Mutanen da suka shekara suna haɗa kuɗi lafiya, ga su suna ɗaga wa juna murya a jajibirin sallarsu, saboda ni.

Baba Gyang ya ja ni gefe, bai yi faɗa ba. Ya ce, “Malam, kana da lambarsa, ko in ba ka?”

Na fita bayan katanga na kira. Wayar ta daɗe tana ƙara kafin ya ɗauka.

Ya ce, “Malam Haruna.”

Na ce, “Ɗanjuma, kana ina?”

“Ina hutawa. Ba haka aka ce in yi ba?”

Na ce, “Ina Bukuru. Aiki ya tsaya.”

Ya ce, “Injin ne ya gaji, ko mai injin?”

Na ce, “Duka biyun. Don Allah ka zo.”

Ya kashe wayar bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Na koma ciki na ci gaba da raba tsoka da wuƙa, ina tsince ɓarɓashin da na zuba, kunnena yana ƙofa. Rana ta ɗaga sosai kafin ya shigo, da buhunsa a kafaɗa, ƙotar gatari ta leƙo. Mata suka yi guɗa. Ya gaida Baba Gyang, ya gaida Mama Rifkatu, ya gaida kowa har da yara. Ni ya ɗaga mini kai kawai.

Ya dubi cinyar da na lalata, ya dubi tsagar da zarto ya yi a tsakiyar ɗayar, ya girgiza kai. Ya ce, “Ko ni ba na sara nan. Wa ya ce maka ana shiga ƙashi ta inda ya fi ƙarfi?” Ya juya cinyar, ya nemi kusa da gaɓa, ya ɗaga gatari. Nishin nan ya fito, ƙashi ya rabu biyu. Tsakar gida ta ɗauki shewa. Kafin la'asar an gama, Mama Rifkatu ta cakuɗa yankan zarto da saran gatari ta yadda kowane kashi ya samu daga kowanne, rigima ta mutu.

Sai dai na lura da wani abu da ban taɓa lura da shi ba. Bayan kowane sara uku ko huɗu, Ɗanjuma yakan sauke gatari ya murza kafaɗarsa ta dama, ya cije leɓe.

Da aka zo rabo, sai aka tuna babu kashinsa, tunda ni na ce kada a ware. Kowa ya riga ya ɗora hannu a kan nasa. Na ɗauki wuyan da haƙarƙarin da aka ba ni na zuba a buhunsa. Na ɗauka zai yi mini kara ya ce in bar wani abu. Bai yi ba. Ya ɗaure bakin buhu ya ce, “An gode.” Mama Rifkatu ta yanko hanta daga nata ta ƙara masa, ta dube ni ta ce, “Kai kuma ka je ka dafa injinka.”

A mota muka zauna kujera ɗaya, buhun nama a tsakanin ƙafafunsa, akwatin zarto a kan cinyata. Motar ta kama hanyar Jos. Sai na ce, “Ɗanjuma, na yi maka laifi. Ka yafe mini.”

Ya ce, “Ba naman ba ne, Malam Haruna. Da kaza ma za mu yi Kirsimeti. Uwar yara ce ta tambaye ni ko mun yi faɗa da kai. Na ce a'a. Ta ce to me ka yi masa? Na rasa abin da zan ce mata. Kuma a bakin mai baro na ji. Mai baro fa.”



Can ya miƙo hannu ya ce, “Ba ni abin nan in gani.” Ya buɗe akwatin, ya juya zarton, ya matsa kunama. Sai ga shi ya yi kuka. Ashe bai ƙone ba, zafi ne ya sa ya kashe kansa, da ya huce ya dawo, ko da yake da ɗan ƙarfin da ya rage a batir. Fasinjoji suka zabura, direba ya ce wane ne zai yanka mu. Ɗanjuma ya yi dariyar farko a ranar.

Ya ce, “Ka san tun bara kafaɗar nan ba ta barina barci? Da ka tambaye ni, da ni zan raka ka sayo shi. Haƙarƙari da baya su ne masu yawan sara, su ke kashe ni. Manyan ƙasusuwa ai sara ɗaya ne.”

Na isa gida da buhu babu ko tsoka. Maiɗakina ta leƙa ciki ta ce ina wuyan bana. Na ce yana inda ya dace. Ta ce to, Allah ya sa injin ya ƙoshi.

Tun daga lokacin zarton a hannun Ɗanjuma yake kwana. Shi ya fi ni sanin jikin ƙashi, don haka ya fi ni sanin inda zai sa shi. Haƙarƙari, baya, wutsiya da wuya na zarto ne. Cinya, ƙafa da kai na gatari ne. Ba ya danna shi, yana barin nauyinsa ya ci da kansa. Yana ajiye ruwan zafi kusa don wanke kitse daga ƙarfen, amma jikin injin tsumma kawai yake sa masa. Idan sanyi ya yi yawa, batir a aljihun cikin rigarsa yake zama har lokacin aiki. Batir ɗaya ya mutu mun sauya, kunamar ta yi sako-sako mun ɗaure ta, amma yana nan yana aiki. Abu mai araha da ya yi wannan daɗewar ba ni da abin da zan ce a kansa sai alheri. Kafaɗar mutumina ta yi sauƙi, watandar Baba Gyang tana nan, kashin mai gatari ya koma wurinsa, ni ma na koma Sarkin Fawa.

Don haka ku samari, mai son saye ya saya, zai ji daɗinsa. Ku dai gwada shi a aikin da ya kai wanda za ku je yi kafin ku yi alkawari da shi, kada ku auna sa guda da cinikin tebur. Ku cika caji, ku bar shi ya huta, ku sa gatari a buhu ko da ba za ku taɓa shi ba. Wannan duk mai sauƙi ne, ko ba ku ji daga gare ni ba zarton da kansa zai koya muku.

Wanda nake roƙonku a kansa ɗayan ne. Idan sabon kayan aiki ya shigo hannunku, wanda kuke aiki tare shi ne farkon wanda za ku nuna wa, ku tambaye shi yadda yake gani. Idan kuma har ta kai za ku ce wa mutum ya zauna a gida, ku taka da ƙafarku ku faɗa masa yana kallonku. Ni na aika mai baro, kuma Ɗanjuma ya yafe mini tun a mota. Amma har yau idan na shiga gidansa gaisuwa, matarsa ta kawo mini ruwa, sai in tuna akwai daren da ta tambayi mijinta abin da ya yi mini, shi kuma bai yi komai ba. Don Allah kada ku sa a yi wa wani irin wannan tambaya a gidansa.